Ba Mu Kai Shi Taro Ba

Wanda ya ba ni aron maigidana ya karɓi abinsa ranar wata Talata da hantsi, kuma ba ni da ƙorafi. Shekara hamsin da ɗaya ba ƙaramin aro ba ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganganun da kunnena ya jiyo a zaman makoki, domin mutane suna zaton matar mamaci ta kurumce muddin ta sunkuyar da kai.

Kafin la'asar gidanmu na unguwar Bagama a Suleja ya cika. Matan zumunta na ikilisiyarmu sun shimfiɗa tabarmi tun daga falo har bakin ƙofa, maza kuma suna waje a kan kujerun roba. Duk wanda ya shigo sai ya durƙusa ya ce, "Mama, yaya haƙuri?" in ce, "Da godiya." Da zarar ya koma mazauninsa, sai a ci gaba da hirar da zuwansa ya katse.

"Allah ya ba shi hutu," in ji wata a bayana, "amma gaskiya Baba bai shiga mutane ba."

"Ni ko a bikin 'yata ban ga ƙeyarsa ba," in ji ta kusa da ita.

"Mama ce ta yi ƙoƙari. Zama da shi ai kamar zama da turmi ne."

An roƙi wani dattijo daga zumuntar maza ya faɗi kalma biyu a kan mamacin. Ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya ce shekara talatin suna zama a benci ɗaya a sujada, amma ba zai ce ya san shi ba. Wannan aƙalla ya faɗi gaskiya. Mutum ɗaya ne ya yi maganar da ta sanyaya mini rai a ranar, wato maƙwabcinmu Bakano, wanda yake haya a gidan da ke jikin namu, yana aiki a Abuja. Bai ko cire kayan ofis ba ya shigo, ya tsuguna daga bakin ƙofa ya ce, "Mama, ni na yi rashin maƙwabci. Shekara tara muna katanga ɗaya, bai taɓa tambayata abin da ba ruwansa ba, kuma bai taɓa barin famfona yana ɗiga ba."

Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, goma sha biyu daga ciki ina shugabar makaranta, ban taɓa barin kuskure ya kwana a kan allo ba. Ba zan bar wannan ya kwana a kan sunan mijina ba. Jikokinsa za su girma su ji ana cewa kakansu mai girman kai ne, ko kuwa mai ƙin mutane. Bai kasance ko ɗaya daga ciki ba. Mutum ne da zaman kaɗaici yake yi masa abin da tuwo yake yi wa mai yunwa. Ina kuma da ikon faɗar haka, domin ni ce na fara yi masa mummunar fahimta, tun kafin waɗannan matan su san hanyar Suleja.

Mun zo garin nan muna sabon aure, tun ana kiransa Abuja, bai ba sabon birni tsohon sunansa ba. Ɗaki ɗaya muka kama a unguwar Wambai. Shi ma'aikacin gidan ruwa ne, yana kula da injin da ke tura ruwa cikin gari, a wani ɗan gini da ke bakin rafi, nesa da gidaje. Aiki ne da kowa yake gudu, saboda mutum yakan wuni bai ga kowa ba sai ƙadangaru. Shi kuwa da kansa ya roƙa a bar shi a can, har sau biyu yana ƙin ƙarin girman da zai maido shi ofis. Idan ya dawo gida ya yi wanka, sai ya ɗauki 'yar kujerarsa ya koma lungun tsakar gida, ya zauna yana kallon katanga. Ba rediyo, ba jarida. Idan na yi masa magana zai amsa da ladabi, amma da kalma uku.

Ni kuwa a makarantar mishan na tashi, inda ƙararrawa take tashe mu tare, ta kai mu cin abinci tare, ta kwantar da mu tare. A can, yarinyar da aka samu ita kaɗai a bayan aji, ko dai ba ta da lafiya ko kuwa tana ɓoye wani laifi. Da wannan ma'aunin na auna mijina. Na yi shekara tara ina neman ciwon ko laifin, ban samu ba. A ta goma haƙurina ya ƙare, na yi abin da har yau nake jin kunyarsa: na rubuta takardar ƙara zuwa ga dattawan ikilisiya, shafi biyu, da lambobi daga ɗaya zuwa biyar.

Aka kira mu ranar Asabar a ofishin fasto. Babban dattijo, wani tsohon ma'aikacin asibiti mai son raha, ya sa tabarau ya karanta takardar a fili, sannan ya dube ni.

"Malama, yana shan giya?"

"Ba ya sha."

"Yana dukanki?"

"Bai taɓa ɗaga mini murya ba."

"To ko akwai wata a waje?"

"Baba," na ce, "da wane bakin zai neme ta?"

Dattawa suka fashe da dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Aka juya wajen maigidan aka ce ya kare kansa. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu, har na fara jin haushin shirun. Sannan ya ce, "Dattawa, ni ruwa na sani. Tanki ba ya cika sai an rufe famfo. In na wuni ana buɗe ni, da yamma ba abin da zan kawo mata sai laka. Ba gudunta nake yi ba. A duk duniya ita kaɗai ce nake iya zama kusa da ita ban gaji ba." Ya ɗan tsaya, ya ƙara da cewa, "Amma lamba ta uku gaskiya ce. Na karɓa."

Lamba ta uku ita ce cewa 'ya'yansa ba su san muryarsa ba. Daga makon nan ya gyara, amma ta hanyarsa. Bai iya zama a tsakiyar su huɗu suna hayaniya ba, sai ya riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, kowace Asabar da mai rabo, a bayan kekensa zuwa bakin rafi. Har yau kowannensu yana da labarin babansa da sauran ba su sani ba.

A hanyarmu ta komawa gida daga ofishin fasto ina ta jiran faɗa. Sai da muka kai bakin kasuwa ya ce, "Malama, takardar nan ta tsaru. Da ni ne alƙali da na ɗaure mutumin." Iyakar abin da ya taɓa faɗa a kan maganar ke nan har ya bar duniya.

Ni ba na yin abu rabi da rabi. Da na gane cewa kaɗaicin nan abincinsa ne, sai na sa shi cikin tsarin gida kamar yadda ake sa darasi cikin jadawali. Daga ƙarfe biyar zuwa shida na yamma lokacinsa ne, ni ce kuma mai gadin ƙofa. Da muka gina gidanmu a Bagama, ni na ce wa magini ya bar fili a ƙuryar gabas, inda maigidan ya dasa gwaiba. Yara sun san doka. Baƙi ne suka sha wuya. Akwai wani sabon fasto, matashi mai zafin aiki, da ya zo ziyara biyar da kwata. Na ba shi kujera, na kawo masa kunun zaƙi.

"Mama, Baba ba ya nan ne?"

"Yana nan."

"Barci yake yi?"

"Idonsa biyu."

"To a gaya masa fasto ne."

"Zai ji da ƙarfe shida, ranka ya daɗe. Ga ƙarin kunu."

Ya sha kofi uku kafin lokaci ya cika. Da maigidan ya fito, ya zauna da shi, ya saurare shi da dukan hankalinsa har aka kira magariba a masallacin unguwa. Daga baya faston nan, in abin ikilisiya ya dame shi, nan yake zuwa, kuma bai ƙara isowa kafin shida ba.

Kada a ɗauka na zama waliyyiya. Akwai ranakun da na dawo da labari yana cin bakina, na tsaya ina kallon bayansa ta taga kamar in jefe shi da ludayi. Akwai bukukuwan da na je ni kaɗai kamar gwauruwa, ana tambayata, "Ina Malam?" ina ƙirƙiro masa ciwon baya. Daga baya na daina ƙaryar. In an tambaya sai in ce, "Yana gida, lafiyarsa ƙalau, ya gaishe ku." Na lura fuskokin mutane sun fi ɓaci da gaskiyar fiye da ƙaryar, amma wannan ba matsalata ba ce.

Ga wadda ta ce ba ta gan shi a bikin 'yarta ba, ina da tambaya. Lokacin da mijinki ya rasu, wa ya zo gidanki bayan mako biyu, ranar da aka kwashe rumfa, dangi suka watse? Wannan ita ce al'adarsa. Ba ya zuwa makoki ranar da ake tuwo da tukunya goma. Yakan ce, "Ranar farko ba a rasa mai zuwa. Ranar da aka mayar da kujerun haya, ranar ce mutuwa take shiga gida." Sai ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya tafi, ya yi gaisuwa a taƙaice, ya zagaya ya ga abin da ya lalace, ko famfo, ko sakatar ƙofa, ko bututun da ya toshe. Ya gyara, ya zauna ɗan lokaci ba tare da wa'azi ba, ya tashi. Ki duba kan famfon da ke tsakar gidanki, za ki ga ba irin wanda mijinki ya bari ba ne.

Bayan ya yi ritaya ya samu 'yar gona kusa da dutsen Zuma. Kullum da sassafe, lokacin da motocin ma'aikata suke cunkushewa a kan hanyar Abuja, shi yana gefen titi a kan kekensa, sai azahar ya dawo. A gonar nan ne, damina biyu da suka wuce, ya yi mini maganar da ta zama nauyi a wuyana. Mun dawo ke nan daga jana'izar wani tsohon abokin aikinsa, wadda aka tare titi kwana biyu saboda ita, da 'yan badujala da masu rawa da akwatin gawa a kafaɗa. Na bi shi gona washegari don in tsinko kuɓewa. Yana cire ciyawa a kunyar gyaɗa, bai ko ɗago ba ya ce, "Malama, in nawa ya zo, kada a tare hanya saboda ni. Kada a ajiye ni a ƙanƙara, kada a yi yawo da ni a mota. Nan Suleja, da safe. Waƙa ɗaya, addu'a ɗaya."

Na ce, "To ka rubuta, ka sa hannu."

Ya ce, "Ke ce takardata. Tun da nake ban ga abin da kika manta ba."

Na ji daɗin yabon, na bar maganar a haka. Wannan shi ne sakaci mafi girma da na yi a rayuwata, ni da nake sa iyayen yara su sa hannu ko a kan karɓar littafin rubutu.

Ranar Laraba ƙaninsa ya iso daga ƙauyenmu na kudancin Kaduna, da dattawan dangi biyu, da kuma yayarsu, wadda ta kusa shekara casa'in, idonta ya yi rauni, sai an riƙe hannunta. Aka zauna a falo. A al'adarmu gawa ta dangin uba ce. Matar mamaci tana zama a tabarma a ba ta labarin abin da aka yanke. Ƙanin ya zo da tsarinsa a shirye: mako uku a mutuware, ɗakin ajiye gawa, don 'yan nesa su iso, a fitar da anko, a ɗauki gawa da jerin motoci zuwa gida, a yi kwana uku ana taro.

Na ce, "Ba haka ya ce ba." Na maimaita musu maganar gona kalma da kalma.

"Matar Yaya," in ji ƙanin, "ya rubuta?"

"Bai rubuta ba."

"Akwai wanda ya ji?"

"Ni na ji."

Ya buɗe hannuwansa ya dubi dattawan. Ba mugun mutum ba ne, kuma ina son a rubuta haka. Idonsa ya yi ja don kuka. Ya ce, "Yaya ba ɗan tsako ba ne da za a tona rami a rufe kafin rana ta yi zafi. Shi ne babban namiji a gidanmu. In muka bar shi a nan kamar baƙon da ba shi da kowa, me zan gaya wa mutanen gida? Cewa za su yi mun yar da shi. Da ransa ana cewa ba ya zumunci, yanzu kuma mu tabbatar musu?"

Na dubi babban ɗanmu, ina jiran ya tsaya a bayana. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, gaskiya na riga na tura hoton Baba wajen masu fosta. Kuma mutanen ofis ɗinmu sun ce za su zo da bas biyu. Ai ba za mu ji kunya ba."

A lokacin na ga maganar tana zamewa daga hannuna. Na miƙe tsaye, abin da matar mamaci ba ta yi a gaban dangin miji, na ce, "Shekara arba'in ina tsare wa mutumin nan ƙofa. Na tsare ta daga 'ya'yansa, na tsare ta daga fasto, na tsare ta daga kaina. Ba ni da takarda, ba ni da shaida. Kuna da iko ku ɗauke shi. Amma ku sani, in kun ɗauke shi, kun ce ni maƙaryaciya ce, kuma da bakinku za ku faɗa, a gaban 'ya'yana."

Ɗaya daga cikin dattawan ya fara cewa, "Ai ba a haka, Mama," sai tsohuwa ta buga sandarta a ƙasa. Ita ce ta yi mini rakiya ranar aurena, kuma har yau ba ta canja mini suna ba.

"Amarya, zauna. Tsayuwar ta isa." Ta juya inda take jin numfashin ƙaninta. "Kai, auta. Kai ba ka san shi yana ƙarami ba, ni na goya shi. Ranar bikin girbi, gari duka yana dandali, shi yana bayan rumbu yana wasa da tsakuwa. Babanmu ya zane shi, ya ja shi da hannu, kafin a buga ganga biyu ya sulale. Shekara uku ana haka, har innarmu ta ce a bar mata ɗanta yadda Allah ya yi shi. Ni ba na bukatar takarda. Maganar da Amarya ta faɗa, muryarsa ce, na gane ta. Yana da ƙafafunsa ba mu iya kai shi taro ba. Yanzu da ba shi da bakin cewa a'a, shi ne za mu ɗauke shi mu kai? Wannan ba girmamawa ba ce, fin ƙarfi ne."

Ƙanin ya rufe fuskarsa da hularsa yana kuka. Da ya samu murya ya ce, "To mutanen gida fa, Yaya?"

"Ka ce ni na hana. Wanda ya isa ya zo ya same ni."

Ni ma na sassauta inda ya kamata. Na ce idan kaka ta yi, a shirya sujadar godiya a ƙauye, a gayyaci duk wanda ake so, a kawo bas goma in an ga dama. Zan zo, zan sa anko, ni zan tsara abinci da hannuna. Taron masu rai ne, kuma masu rai suna da hakkinsu. Ɗana ya fita waje ya kira masu fosta.

Ranar Juma'a da ƙarfe bakwai na safe muka kai shi makabarta. Ba a tare hanya ba. An yi waƙa ɗaya, fasto ya yi addu'a ɗaya, kuma a karo na farko tun da na san shi bai tsawaita ba. Mutane sun fi yadda na zata yawa, amma ba wanda ya ɗaga murya. Ƙanin ne ya fara zuba ƙasa, kuma ya yi shi da kyau.

A wurinmu an saba matar mamaci ta tsaya a bakin kabari har sai an janye ta da ƙarfi. Ni ce na fara juyawa. Na san an yi magana a kan wannan ma, an ce tsohuwar ba ta da hawaye. Hawayena ba na taro ba ne, wannan kuma a wurinsa na koya. 'Yarmu ta biyu ta riƙo zanena tana kuka, ta ce, "Mama, haka za mu tafi? Mu bar Baba shi kaɗai a nan?"

Na kama hannunta na ce, "Taho, 'yata. Babanku bai taɓa jin tsoron a bar shi shi kaɗai ba. Mu ne muke ji."

Ubangiji ya karɓe shi yadda yake, ya ba shi wuri mai shiru, mu kuma da muka rage ya koya mana zama ba tare da shi ba. Amin.